Bugun Inji

Taraktar na tashi, bugun ya dawo: kwas, kwas, kwas, kamar ana dukan ƙarfe a cikin injin.

Tizhe ya tsaya yana kallo kawai. Sau biyu ke nan ƙanensa Vandi, wanda ya yi makanikin soja har aka gama yaƙi, yana kwance injin nan yana ɗaurawa. Ga damina ta sauka, gonakin garinsu Muchalla na jiran huɗa.

Vandi ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago yana murmushi.

"Ka ji, yaya? Bugun ya tafi. Na ce maka boris ɗin injin ne ya cinye."

Bugun kuwa yana nan. Tizhe ya kashe injin, ya zagaya bayan Vandi. Ya kira sunansa. Ya sake kira da ƙarfi. Vandi na goge hannu abinsa.

Wata biyar ana cewa yaƙi ya sa masa girman kai, ko uwarsu ta kira shi daga ɗaki ba ya amsawa.

Tizhe ya dafa kafaɗarsa. Da Vandi ya juyo, Tizhe ya ce masa, "Na ji. Ya gyaru."