Turaren Hawa Dutsen Rugu

"Shafa wannan, Alhaji," in ji Jinjiri mai zuma, yana miƙa kwalbar turare. "Birai ba sa gudun mai ƙamshi."

Alhaji Nurain na Safana, da ya zo kallon birai a duwatsun Rugu, ya kwarara turaren har rigarsa ta jiƙe.

Jinjiri ya kai shi bakin wani kogo, ya ja baya. Shi tun a gida ya turara jikinsa da hayaƙi. Ya san ba abin da ke tunzura ƙudan zuma kamar turare.

Ƙudan zuma suka taso daga kogon baƙi ƙirin.

"Baba, taimake ni!" Alhaji ya yi wa tsoho Jinjiri ihu.

"Kai ka nuna wa 'yan bindiga gidana a Ruma," in ji Jinjiri a hankali. "'Yata Sadiqa ma haka ta kira ni ranar da suka zo."