Madubin Araha na Oom Gawie

Harsashin farko ko takardar saitin da ke manne a allo bai taɓa ba. Can gefe ya tayar da ƙura, wajen taki biyu daga allon da suka jingina da tudun ƙasa.

"Ina ya faɗa?" in ji Oom Gawie, kumatunsa manne da gindin bindiga.

'Yarsa Elsabe tana tsaye a bayansa da tabaran hangen nesa. "Hagu, Pa. Hagu sosai, kuma ƙasa."

"Ai na faɗa. Araha ba ta ado."

Da ita yake, don ita ta sayo madubin saitin da ke kan bindigar. Wata uku tsohon yana mita wai nasa na da ya yi hazo. Da ta je shagon manoma a Carnarvon aka jera mata guda uku, ta nuna na ƙarshe, wanda aljihunta zai iya. Mai shagon ya ɗaura shi a kan 'yar bindigar harbin zomo, ya ce saiti kuma sai mai ita.

Can baya, ƙaninta Dewald ya jingina da a-kori-kura, ya harɗe hannuwa. Takardun gidan tsofaffi suna kan kujerar motar, sa hannu kawai suke jira. Shi ne ya tarar da uban a ramin ban ruwa watan jiya, gwiwa a fashe. Shi ne kuma ya ƙirga 'yan tumaki goma sha ɗaya da dila ta kwashe, a gonar mutumin da a da dila ba ta isa ta gifta masa ba.

"Idon Pa ya tafi, Ousus," haka ya ce wa Elsabe, don da haka suke kiran yaya mace a harshensu. "Sai mun zo mun tarar da gawa?"

Tsohon da kansa ya yanke hukunci. A ba shi harsashi bakwai ya yi saiti, sannan uku su shiga baƙar da'irar da ke tsakiyar takardar daga taki talatin. In ya kasa, su kwashe shi kamar buhun ulu.

Ya laluba kan madubin ya murɗa, ƙas, ƙas, ƙas, yana ƙirgawa a fili. Ya ɗan bubbuga buhun yashin da bindigar ke kwance a kai. Tau!

"Ya matso, Pa. Saura kamar kamu ɗaya."

"Kamun wa? Naki ko nawa?"

"Nawa."

"To, ki riƙa faɗa daidai, 'yar nan. Uwarki da yatsu take auna mini."

Elsabe ta sauke tabaran. Me za ta iya? Aikinta da mijinta suna Kimberley, ba ta da ɗakin da za ta sa shi, ba ta da bakin da za ta ja da Dewald, don gaskiya yake faɗa. Amma ta san uban. Wannan teburin harbi da yake zaune a gabansa shi ya kafa shi tun ba a haife ta ba. In aka kai shi ɗaki mai taga ɗaya a gari, ba zai ga ƙarshen sanyin bana ba. Abin da ya rage mata kawai ta tsaya tana kiran inda harsashi ya faɗa, kamar mai kallon gobara daga ƙetaren kogi.

Na uku ya ci gefen takarda. Na huɗu ya wuce sama. Na biyar ya sake komawa hagu, har Dewald ya yi tsaki ya duba agogo.

"Kai, in kana sauri ka tafi," in ji tsohon, ko waiwayowa bai yi ba. "Tsakin nan a wurin kakarka ka gaje shi."

Ya murɗa, ya bubbugi buhu. Na shida, yatsa uku dama. Na bakwai, yatsa ɗaya ƙasa. Ya taɓa buhun a hankali, kamar mai shafa kan jariri, sannan bai ƙara motsi ba.

"Shi ke nan na saiti, Pa," in ji Dewald. "Yanzu na gaske."

Elsabe ta kafa tabaran a kan da'irar. Tau! Ciki. Tau! Ciki, a jikin na farko. Tsohon ya daɗe, ya daɗe, iska ta kaɗa ciyawa ta lafa.

Tau!

"Ya shiga!" ta yi ihu. "Pa, ya shiga! Dukansu uku!"

Dewald ya karɓi tabaran ya duba da kansa. Ya cire hula ya sosa ƙeya. "To, na ji kunya," ya ce, har da 'yar dariya. Ya nufi mota ya cusa takardun a ƙarƙashin kujera.

Oom Gawie ya buɗe bindigar ya zare ƙarfen harbi don kada ta tashi. "Je ki ciro mini takardata, a bango zan manna ta."

Da gudu ta tafi, mace mai shekara arba'in da shida, tana kuka tana dariya. Ta yage takardar ta juyo tana ɗaga masa. Ya sake kai ido ga madubin.

"Na janye maganata!" ya ɗaga murya. "Madubin nan naki ba laifi. Tar nake ganinki!"

Sai a lokacin ta ga bindigar daga gaba. Hannunta ya sauko a hankali. Baƙin murfin roba da mai shago ya toshe bakin madubin da shi yana nan daram, ba wanda ya cire shi. Ashe ba abin da yake gani, kiranta kawai yake bi.