Harshen Tsoho Donnacha

Fiachra ya ɗaga kofin, ya dubi kumfar, ya kurɓa. Orlaith ta zuba masa ido.

Sabuwar baƙar giyarsu ce, kuma duk gidan babu wanda ya san ɗanɗanonta. Ita tana da juna biyu, ta daina sha. Babanta Donnacha kuwa, tun zazzaɓin bara harshensa ya mutu, ko gishiri ba ya ji. Su biyu kaɗai suka sani. In Fiachra, mai babbar mashaya a birnin Galway, ya gano, ɗan kamfaninsu ya rufe ke nan.

Fiachra ya sake kurɓa. Sai ya miƙa wa Donnacha kofin.

"Tsoho, kai me ka ji?"

Donnacha ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya lumshe ido.

"Gasasshen sha'ir, da ɗan hayaƙi a ƙarshe. Ko sai na haɗiye maka ita ma?"

Fiachra ya ƙyalƙyale da dariya. "Baki dai bai tsufa ba! A loda min ganga goma."

Da Orlaith ta raka shi mota, ya waiga, ya sassauta murya.

"'Yar nan, ki rufa min asiri. Tun ciwon da na yi, komai ruwa ne a bakina. Abin da babanki ya yaba kawai nake saye. Ki kula min da harshen nan nasa."

Orlaith ta bi gangunan da kallo har motar ta sha kwana.