Ƙararrawar Tsoho

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

An yi wata mace mai gyaran waya a wani shago, Yaya ake ce mata a gida. In ta dawo da yamma sai ta duƙufa kan kwamfutarta tana haɗa wasan waya, ita ce mai zane, ita ce mai kiɗa. Wasan na jinya ne. Tsoho na kwance kan gado, ya kaɗa ƙararrawa, kai kuma ka zo ka juya shi, ka ba shi abinci da magani. In ka kyauta ya yi murmushi, ka samu tauraro.

Ba ta je nesa neman tsohon ba. Babansu ta zana, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya ƙi tashi, sai ido da hannun hagu. Ƙaninta Auta ke wuni da shi, yaron da unguwa ke buga misali da shi. Har layin wayar Baba ya cire don kada masu gaisuwa su hana shi barci. Kullum ta dawo, ɗakin na tashin ƙamshi, Baba na kallon ƙofa.

Kafin ta saki wasan sai da ta cusa shi a kowace waya da ke gidan, ta haɗa su da intanet ɗin gida don gwaji. A ƙasansa ta bar akwatin ra'ayi wanda kowa ke iya karantawa, kuma Auta ya fi kowa leƙa shi, yana karanto mata suna dariya. Wani ya ce taurarin sun yi ƙanana. Wata ta ce gemun tsohon kamar tsintsiya. Duk ta gyara, masu wasa suka yi ta ƙaruwa.

Ana nan sai ga Baƙo. Sunan da wasan ke laƙa wa duk wanda bai zaɓi suna ba ke nan. Ba sallama, ba gaisuwa, rubutu guntu-guntu kamar na mai jin ƙyuya, kuma kullum da hantsi yake zuwa, tana shago.

“ƙararrawa ta yi kusa. a sa ta inda hannu ba ya kai.”

Ta ɗauka wahalar wasan yake so a ƙara, ta wuce. Washegari ya sake.

“mai jinya ya cinye naman. tsoho ya sha romo.”

Ta yi tsaki. Na gaba kuwa tana cikin cin abinci ya shigo.

“in ya ɓata shimfiɗa a bar shi ciki har yamma. a fesa turare kafin a shigo.”

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. Ta ture kwanon, ta je ta wanke hannu kamar ta taɓa mushe. Wasan da ta yi don girmama ubanta, wani ƙazami yana so ya mai da shi masai! Masu wasa suka fara ƙorafi, wata ta ce ta goge wasan daga wayar 'ya'yanta. Baƙo kuwa bai fasa ba.

“mintsini a cinya. inda riga ta rufe.”

Da yamma ta miƙa wa Auta wayar. Ya karanta, yau ba dariya.

“Yaya, toshe shi kawai,” in ji shi. “Mara tarbiyya ne, me za ki tsaya yi da shi?”

Da safe a shago ta rubuta a bainar kowa: “Kai ƙazami ne, zuciyarka ta ruɓe. Allah ya sa ba ka da tsoho a hannunka.” Ta toshe shi, ta ji sakayau kamar an sauke mata kaya.

A ranar aka ɗauke wuta a shago, mai shago ya sallame su tun kafin azahar. Ta iso gida, ba Auta, ba takalminsa. Tana tura ƙofar Baba zarni ya buge ta, sai da ta dafe bango. Ƙudaje sun yi baƙi a kan zanin gado. Ga kwalbar turare a bakin taga tana jiran yamma. Ga kwano a ƙasa, ƙasusuwa an tsotse su tas. Ƙararrawa kuwa tana can saman kabad, ta yi ƙura.

Ta ɗaga rigar Baba a hankali. Cinyarsa duk tabo, sabo kan tsoho.

Ta sauke rigar. Ashe Auta ne Baƙo! Bai ishe shi ya aikata ba, sai ya zo yana alfahari da shi a wasanta, sannan ya zauna gabanta ya ce ta toshe. Ta tofar da yawu, ta ɗebo ruwan ɗumi, tana kuka tana cewa, “Sannu Baba, sannu.”

Da ta zo juya shi sai ta ji hannunsa na hagu ya ƙanƙame wani abu a ƙarƙashin matashi. Ta zare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar wayarsa ce, wasan a buɗe. Ga zagin da ta yi da safe a sama, ga kuma saƙo a ƙasa wanda ya ƙi tafiya saboda ta toshe mai shi:

“'yata ni ne. ban so in tona asirin ɗana a gaban mutane ba. ki dawo da rana ki gani.”

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.