Jan Biron Baba

"Wannan wane irin Turanci ne?" Baba, tsohon malamin makaranta, ya buga takardata a tebur. "Don kalmomi sun yi kama a kunne sai ki cakuɗa su? Kin ba ni kunya, Auta!"

Na sunkuyar da kai. Yana ta zabga jan biro.

A mota mijina ya kasa haƙuri. "Ke da kike koyar da Turanci a jami'a? Don me kike kai masa shirme yana zaginki?"

Na share hawaye. "Da gangan nake yi. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, baƙuwa yake ɗaukata. Sai ya ga kuskurena yake kirana Auta."