Mudun Baƙo

Na rasa miji da rumbu biyu ranar da masu bindiga suka shigo garinmu. Abin da na samu kuwa kunne ne, yau akwai masu zama su saurare ni har in gama. Kai kuma Mato, ƙanin mijina, ka ce kada in ba mutanen kotun ƙetare shaida, wai kotu ce da ba ta kama kowa sai talakan ƙasashenmu. To gyara zama. Ban yi boko ba, amma na yi kasuwa.

Wata mata ce mai sayar da gero, a kasuwar da ake awo da mudu ɗaya, na sarkin kasuwa. In ɗan'uwansa zai saya, a danna gindin mudun ya zurfafa. In ɗan'uwan ne zai sayar, a buga gindin ya koma ciki. Kowa ya sani, kowa ya kama bakinsa. Ran nan sai ga baƙo ya zo sayen gero da nasa mudun, ko lotsawa babu. 'Yan kasuwa suka ce a kore shi, mudun baƙo ai baƙo yake wa aiki. Matar ba ta kore shi ba, ba ta kuma kwance buhu ba. Ta ce ya fara auna shinkafar da ya zo da ita a gaban jama'a, da mudun nan dai. Ya ce a garinsu ba a tuhumar mudunsa. Ta ce nan ba garinsu ba ne. Rana ta take, ya ga ba mai kwance buhu, ya durƙusa ya auna tasa. Sannan ta sayar masa. Kafin kasuwa ta zagayo, sarkin kasuwa da kansa ya kai mudunsa wurin maƙeri.

Haka na yi da mutanen kotun nan, Mato. Suka ce in yi magana a bayan labule, a ɓoye sunana. Na ce albarka. Suka tafi, suka dawo. Na ce a kira sunan Barau mijina da Hausa, garin nan ya ji ta rediyo, kuma wanda ya sayar wa makasan bindiga a tuhume shi, ko ɗan ƙasarsu ne. A nan suka daɗe suna kallon juna, kafin babbar cikinsu ta ce sun yarda. Na ce to na sallama, amma idona yana kan mudunku.

Sai an gwada akan san na ƙwarai.