Minti Goma Sha Tara

Minti goma sha tara suka yi a hanya, kuma mai gidan ya ƙirga kowanne. Tun kafin direban motar asibitin ya kashe jiniya, mutumin yana bakin get, ya ɗaga waya yana ɗaukar su bidiyo.

"Jama'a, ku gan su! Mahaifina na ciki rai a hannun Allah, su kuwa suna tafe kamar masu yawon shan iska!"

Direba ya sauko ya buɗe bayan motar. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ya san irinsu sarai: murya na rawa, ido kuwa ƙamas. Amma yau tsoro ya kama shi. A kowace mahaɗa sai da ya rage gudu, ya duba hagu da dama kafin ya ƙetare danja, don ko a watan jiya wani abokin aikinsu ya kifar da mota da mara lafiya a ciki. Haka doka ta ce. Sai dai doka ba ta fitowa a bidiyo, fuskarsa ce za ta fito, kuma manyansu ba su iya bincike ba, kora suka iya.

Ɗakin tsohon yana can ƙuryar gidan, bayan rumfar janareta. Wajen tura gadon ɗaukar mara lafiya, taya ta bugi wasu kulolin abinci da ke bakin ƙofa, Direba ya ture su gefe da ƙafa. Ciki sanyin iyakwandishan kamar firji, labule a sauke, rediyo na ta surutu ita kaɗai.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da suka zo tare, ta durƙusa gaban gadon. Ta taɓa wuyan tsohon, ta kama hannunsa, ta sake. Ko jakarta ba ta buɗe ba. Ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe masa fuska.

Haushi ya turnuƙe Direba. Ko ɗan danna ƙirjin nan na ganin ido ba za ta yi ba? Ita dai ta huta, shi da ya riƙe sitiyari shi zai kwana a ciki.

"Kun kashe shi!" in ji mai gidan, yana matso da wayar har hancin Direba. "Yanzun nan muka gama hira, da hannuna na ba shi shayi. Duk duniya ba ni da kamarsa. Wallahi sai na ga bayan aikinka!"

Direba ya tuna 'ya'yansa huɗu. Har ya fara laluben kalmar ban haƙuri.

Sista ta gama cike takardarta ba tare da gaggawa ba, ta fito bakin ƙofa.

"Yallaɓai, Allah Ya ba ku haƙuri. Kada ka kashe wayar, ɗan sauko da ita nan."

Ta jera kulolin guda uku, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na rana, na dare, na safe, duk a cike, ko cokali ba a sa ba.

"Shayin da ka ce ka ba shi, ban san wa ya sha ba, don Baba ya sandare, tun jiya da hantsi ya rasu."